Ruwan Indararo a Kwalaben Ikilima

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Kazaure da safe ya san Ikilima mai funkaso, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai tabarau da ke zama kusa da masu shayi, wadda ba ta yarda a lalube mata funkaso da hannu kafin a saya. Direbobi suna kiranta Dakta. Da tsokana suka fara, ita kuwa ta riƙa amsawa ba dariya, har sunan ya bi ta.

'Yar Roni ce, kuma a gaban kaskon mahaifiyarta ta tashi. Tun tana ƙarama ita ake aika ta duba ko kullu ya tashi. Abu ɗaya ya riƙa damun ta tun lokacin. Alkamar ita ce ta jiya, ruwan ma na rijiyar jiya ne, hannun da ya kwaɓa bai sauya ba, amma yau kullun ya cika ƙwarya har ya zubo, gobe kuma ya kwanta kamar kwanannen tuwo. In ta tambaya sai a ce mata sa'a ce. Ba ta taɓa yarda ba. Sai da ta shiga sakandare wani malamin kimiyya ya ɗiga ruwan kullu a kan gilashi, ya sa ta leƙa madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Ta ga 'yan ƙwayoyi birjik, kowace da ɗan tsiro a gefenta kamar mai goyo. Ta ɗago kai ta ce, "Malam, ashe yis rai gare shi?" Ya ce rai gare shi, yana ci, yana haihuwa, yana kuma mutuwa. Daga ranar ta daina ganin kullu a matsayin gari da ruwa.

Aure ya kawo ta Kazaure, gidan Malam Sabiru mai gyaran babur, mutum mai ƙarancin magana. Da cikin fari ta yi ƙaramar difiloma ta aikin ɗakin gwaje-gwaje a babbar makarantar garin. Daga nan sai 'ya'ya, sai kasko, shekaru suka tafi. Sai da ta aurar da babbar 'yarta Sadiƙa, ta riga ta wuce arba'in, sannan ta koma neman babbar difilomar. 'Yan ajinsu duk sa'o'in Sadiƙa ne, Mama suke kiranta. Sau biyu ta ajiye karatun, ɗaya don jinyar mahaifiyarta, ɗaya lokacin da mota ta buge Malam Sabiru ya karye a ƙafa. Da ta dawo karo na biyu aka kira ta ofis aka gaya mata a fili cewa wannan shekarar ce ta ƙarshe da dokar makaranta ta ba ta. In ba ta kammala ba, za a soke sunanta, duk abin da ta yi a baya ya tashi a banza.

Yayarta, wadda kowa ke kira Adda, ita ke riƙe mata kasko ranar da take da aji. Tana riƙewa tana mita.

"Ke yanzu don Allah, Iki, me za ki yi da takarda a waɗannan shekarun? Wa zai ɗauke ki aiki? Furfura fa ta fito miki."

"Rataye ta zan yi a ɗaki, Adda. In na tashi da safe in kalle ta."

"To ai sai ki sayi kalanda, ta fi sauƙi."

Abin da ya rage mata kawai shi ne aikin bincike na ƙarshe, wanda kowane ɗalibi zai yi ya tsaya gaban malamai ya kare. Aka haɗa ta da Malama Juliana, mutuniyar Filato da ta daɗe a Kazaure har Hausarta ta fi ta wasu 'yan garin daɗi. Ikilima ta girme ta, amma ba ta taɓa zama a gabanta ba sai an ce ta zauna. Malama Juliana ta nuna mata wani irin yis a cikin ɗan faranti na gilashi, launinsa ja-ja kamar cikin nunanniyar gwanda.

"Wannan ba na funkasonki ba ne, Maman Sadiƙa, kada ki kuskura. Ba ya tayar da kullu. Launin nan muke so. Muna tunanin in aka haɗa shi a abincin kaji, ƙwanduwar ƙwai za ta yi kyau. Aikinki ki ba shi tutiya, wadda kuke kira zink a aji, ki ga yadda zai yi. Zai ƙara yawa? Zai ƙara ja? Nawa zai sha ya riƙe a jikinsa?"

Tsarin bai da wuyar ganewa. Kwalabe kashi uku. Na farko ba a sa musu tutiya ko kaɗan, don su ne ma'auni. Na biyu a sa musu 'yar kaɗan, na uku a zuba da yawa. In yis ɗin ya girma a auna nauyinsa da ƙarfin launinsa, sannan a busar da shi a kai Kano, inda ake da na'urar da ke faɗin yawan tutiyar da ya sha.

Ikilima ta kama aikin nan kamar reno. Yis ɗin yana son iska, injin girgiza kwalabe kuwa sai da wuta, saboda haka da hannu take jijjiga su, ɗaya bayan ɗaya, tana zagaya ɗakin. 'Yan aji su leƙo ta taga su ce, "Mama, yaran sun yi barci?" Ta ce, "Saura ku."

Ana cikin shirin babban zubi sai na'urar tace ruwa ta ɗakin gwajin ta lalace. Irin wannan aiki ba a yin sa da ruwan famfo ko na rijiya, sai tataccen ruwa wanda ba komai a cikinsa. Aka ce a jira mai gyara daga Kano. Ikilima ta jira, mai gyara bai zo ba, lokaci kuma yana tafiya. A makon ne damina ta sauka sosai. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta tana kallon ruwa na kwarara daga indararo, fari tas, sai ta ji kamar an ba ta amsa. A Roni, in ana son ruwan da ya fi kowane ruwa tsabta, na wanke jariri ko na jiƙa magani, ruwan sama ake tara. A aji ma an koya musu cewa rana ce ke ɗaga tururi ya zama hadari. To ai tacewar ke nan. Rufin ɗakin nata kuma sabo ne fil, a bazarar nan Malam Sabiru ya sauya kwanon, babu tsatsa babu ƙura. Ta bari ruwan farko ya wuce, ta tara na bayansa a wankakkiyar jarka, ta tace da farin ƙyalle. Ba ta gaya wa kowa ba, don ba ta ga abin faɗa ba.

Da kwalaben suka nuna, sai ga abin da ba a zata ba. Na ukun sun mutu, wannan dama ana tsammani. Amma na farko, waɗanda ba ta sa musu ko ƙwayar tutiya ba, sun yi ja jawur, sun yi kauri, ba ka bambanta su da na biyu. Ma'aunin ya lalace, in kuwa ba ma'auni, ba abin da za a ce an gano.

Malama Juliana ta ɗaga kwalba ɗaya ta duba a hasken taga.

"Kin tabbata ba ki haɗa cokali ba?"

"Malama, ko a kasko ba na haɗa cokali."

"Wane ruwa kika yi amfani da shi? Na'urarmu ai ba ta aiki."

"Na sama. Na tara da kaina, daga indararon ɗakina. Sabon kwano ne, ko tsatsa babu."

Malama Juliana ta ajiye kwalbar a hankali ta zauna.

"Maman Sadiƙa, me kike jin ya hana sabon kwano tsatsa? Wannan ƙyallin da kike gani a jikinsa, tutiya ce aka shafe shi da ita. Ruwan ya wanko ta ya kawo miki har cikin jarka. Duk kwalabenki kin ba su, har waɗanda kika ce ba ki ba su ba."

Ikilima ta san wannan, an taɓa faɗa musu a aji, ta ma rubuta a jarrabawa. Amma tutiyar aji farin gari ce a cikin kwalba mai murfi, kwanon ɗakinta kuwa kwano ne. Ba ta taɓa haɗa su a zuciyarta ba. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar.

"To, na ji. Laifina ne. Sai in sake."

"Da wane lokacin? Ranar kare aiki ta matso. Ko kin sake zubi, da ƙyar su nuna, balle a busar a kai Kano a jira layi. Kuma har yanzu ba mu da ruwa." Malamar ta sassauta murya. "Ga shawara. Zan nemi a sauya miki take. Ki zagaya wurin masu kiwon kaji na Kazaure da Achilafiya, ki tambaye su abin da suke ba kajinsu, ki rubuta. Halal ne, ba maguɗi, kuma za ki wuce."

"Malama, na gode. Amma ban bar kaskona na zo nan don in tambayi mutane dusar kaji ba. Wannan ko a tasha zan iya."

"Taurin kai zai sa ki rasa komai."

"To in rasa a kan abin da na zo yi."

A waje Nuruddin, shugaban ajinsu, ya tare ta. Yaron kirki ne, shi ke ɗaukar mata jaka. Ya ja ta gefe ƙarƙashin dalbejiya.

"Mama, ki saurare ni. Kowa ya san abin da zai fito. Na farko fari-fari, na biyu ja, na uku su mutu. Turawa sun yi, an buga. Ki ɗauki lambobin ki ɗan jujjuya su. Wa zai je Kano ya tambaya? Rabin ajin nan haka suka yi."

"Kai ma haka ka yi?"

Ya sosa ƙeya. "Ni ai nawa ya ɗan fito."

"Nuruddin, na haifi kamarka. Shekara nawa ina sayar da funkaso a tashar nan, ban taɓa soya na jiya na ce na yau ne ba. Sai yanzu da furfura zan tsaya gaban malamai in ce na ga abin da ban gani ba? Ba ni jakata."

A gida Malam Sabiru ya ji labari, ya ɗaga kai ya dubi rufin da ya sha wuya kafin ya sa, ya ce, "Ikon Allah." Can ya ce akwai ruwan batir a shagon maƙwabcinsa, an ce shi ma tatacce ne. Ta ce an ce ne, ita kuma an gama yi mata an ce. Ba za ta sake zuba ruwan da ba a gabanta aka tace shi ba.

Abin da ta yi, har yau matan unguwar suna ba da labari. Ta sayo sabuwar tukunyar ƙasa, don ba ta yarda da kowane ƙarfe ba kuma. Ta cika ta da ruwa ta ɗora a murhu. Ta samo faffaɗan farantin gilashi daga ɗakin gwaji da izinin malamarta, ta jingina shi a karkace saman bakin tukunyar, ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a bayansa don ya riƙa sanyi. Tururi ya tashi ya bugi gilashin, ya zama raɓa, ya gangaro ɗigo-ɗigo cikin kwalba. Wuni guda ana hura wuta ba ya ba da abin da zai cika kofin shayi biyu. Ta daina fita tasha. Itacen funkaso duk ya koma ƙarƙashin tukunyar.

Adda ta shigo ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Mutane na dafa shinkafa, ƙanwata na dafa ruwa. In ya nuna a zubo mini, da miya nake so."

"Adda, in ba za ki taya ni ba, ki matsa, kina kare mini iska."

"Direbobi na can suna tambaya ko Dakta ta mutu. Na ce a'a, tana nan tana ƙona itace."

"Ki ce musu ina gaishe su."

Adda ta yi tsaki, ta janyo kujera 'yar tsugune ta zauna, ta karɓe mafici daga hannunta. "Ba haka ake hura wuta ba. Karatun nan ya ɓata ki. Jeki jiƙo tsumman, ya bushe." Tun daga nan kullum sai ta zo, tana zagi tana fifita.

Malama Juliana ta gwada ruwan da 'yar na'urar hannu, ta ce bai kai na inji ba, amma ya fi abin da ta zata, za a iya aiki da shi in an rubuta yadda aka same shi. Suka dafa kwalabe a tukunyar matsi kan risho don kashe ƙwayoyin cuta, Ikilima ta sake zubi, kaɗan ne wannan karon, don ruwan bai kai ba. Ta koma jijjiga. 'Yan aji sun daina tsokana. Wasu ma in sun ga hannunta ya gaji sukan karɓa.

Ana jibi za a kare aiki bambancin ya fito. Na farko sun tsaya fari-fari kamar ruwan koko, na biyu sun yi ja, na uku sun kwanta a gindin kwalba. Ta auna nauyi, ta auna launi. Zuwa Kano kuwa babu hali. Babin da ya kamata ya faɗi yawan tutiyar da yis ɗin ya sha, ta rubuta masa layi biyu, cewa ba a yi wannan awon ba saboda lokaci ya ƙure. Labarin ruwan indararo kuma ta saka shi duka, ba ta rage komai ba, ko da yake Nuruddin ya roƙe ta ta cire don kada a yi mata dariya.

Ranar kare aikin, malamai suka jeru a bayan dogon tebur, a tsakiyarsu baƙon da aka gayyato daga wata jami'a, Dakta Maikasuwa, dattijo mai 'yar furfura a gemu. Ikilima ta shiga da kwalabenta a cikin kwandon kai funkaso, ta jera su a gabansa. Ya buɗe aikin nata yana karantawa, ya kai wurin indararo, ya yi dariya har ya cire hula ya mayar. Wasu malaman suka taya shi. Ta bari suka gama.

"Hajiya, ruwan kwano kika ba su?"

"Shi na ba su, ranka ya daɗe. Sun kuma sha."

"Kin san aikin nan bai cika ba? Kashi uku aka ce ki yi. Girma, launi, da abin da ya sha. Ina na ukun?"

"Babu shi, ranka ya daɗe."

"Duk waɗanda suka shigo kafin ke, nasu a cike yake."

"Allah ya sanya musu albarka. Ni abin da idona ya gani na kawo. Ga shi nan a kwalba, in ana so a buɗe a duba."

"In muka ce ba ki ci ba fa? An gaya mini ba ki da wata shekarar."

"Sai in kwashe kwalabena in koma tasha. Amma ba za ku ce na yi muku ƙarya ba."

Dakta Maikasuwa ya ɗauki kwalbar farko da ta biyu ya haɗa su a haske. Ya tambaye ta dalilin da ya sa na ukun suka mutu, ta amsa. Ya tambaye ta wani lissafi na awon launi, ta kakare, ta ce wannan ba ta riƙe shi ba. Ya ce ta jira a waje.

Ta zauna a dakalin baranda da kwandonta a cinya. Tana jiyo muryoyi na tashi a ciki, har da ta Malama Juliana, wadda ba a saba jin ta ɗaga murya ba. An daɗe kafin ƙofar ta buɗe. Malamar ta fito fuskarta a gajiye.

"Sun ba ki, Maman Sadiƙa. Amma mafi ƙanƙantar makin da ake wucewa da shi. Ke ce ta ƙarshe a ajin. Na yi iya yina, dattijon ya ce babi guda babu shi, ba zai ƙara ko ɗigo ba."

"Na wuce dai?"

"Kin wuce."

Ikilima ta yi hamdala a hankali. Ta miƙe ta gyara mayafi.

"Dattijon ya yi daidai. Malama, yis ɗin da ya rage, a ba ni aron tandar ɗakin gwaji in busar da shi. Ranar Litinin zan shiga motar Kano."

"Kano kuma? An riga an ba da maki. Ko kin kawo sakamakon ba abin da zai sauya."

"Na sani. Ina so in san nawa ya sha."

Malama Juliana ta dube ta, ta girgiza kai, ta laluba jaka ta miƙa mata makullin ɗakin gwajin.